Na Zo Mayar da Lambarku

Ranar Talata na sa rigata ta Juma'a,
na hau mota daga Kakuri, na tsallake gada.
Takardar tana aljihu, ninki huɗu,
lambobi goma sha ɗaya a jere kamar haƙoran zarto.

Yarinyar da ke bayan gilashi, Saude aka kira ta na ji,
ta ce, Baba, gyara ne? Suna ko shekaru?
Na ce, 'yata, mayarwa na zo yi,
yadda ake mayar da tukunyar aro in biki ya watse.

Bara ne kuka ɗora mini alamar tambaya.
Wai ubana, Jatau Mai-guduma, mutumin Tasawa ne,
Tasawa kuwa tana can hayin iyaka.
Ban musa ba.
Da ƙafa ya zo, da gora da buzu,
lokacin iyakar ba ta fi zanen sanda a kan rairayi ba.
A kafaɗarsa aka yi dakon ƙarfen layin dogon nan
da jirginku ya yi shekaru yana takawa.
Yana kwance a maƙabartar Tudun Wada.
Ku je ku tambaye shi fasfo.

Ni a Tudun Nufawa aka yanke mini cibiya,
aka binne ta a gindin durumi.
Durumin yanzu gidan mai ne.
Mai unguwar da ya ci tuwon sunana ya riga mu gidan gaskiya.
Ɗansa ya ce in kawo takardar ƙaramar hukuma,
ƙaramar hukuma ta ce in kawo ta mai unguwa,
na yi ta kai da komo
har takalmina ya buɗe baki yana taya ni tambaya.

Sau bakwai kuka danna yatsuna a kan na'ura.
A shafa mai, a goge, a hura, a sake.
Ta ce ba ta ga kowa ba.
Yaya za ta gani?
Shekara ashirin da shida ina masaƙa,
zare ya lashe zanen tas.
Kore da farin da 'yan makaranta ke kaɗawa
ran ɗaya ga Oktoba,
ta tsakanin yatsun nan ya bi.

Kun toshe mini layin waya,
ƙanwata ta rasu a Kafanchan sai bayan kwana uku na ji.
Ɗan abin da ke banki yana kallona ina kallonsa.
To, lambar da ba ta iya cewa ta san ni,
me zan ci gaba da yi mata masauki a aljihu?

Saude ta daɗe tana duban allon gabanta.
Ta ce, Baba, babu fom ɗin fita.
Lambar ba ta mutuwa,
ko mai ita ya mutu tana nan.

Na yi dariya har mai gadi ya leƙo.
Ashe ta fi ni zama 'yar ƙasa.

Na ajiye takardar a kan kanta,
na danne ta da murfin biro, na fito.

Da ƙafa na dawo ta kan gada.
Kogin ya cika, jawur da ruwan Agusta,
ba wanda ya tare shi ya ji daga wace ƙasa ya kwaso lakarsa.
A bakin layinmu Laraba mai ƙosai ta ɗaga matsami:
Mato, kwana biyu!
Na ji ƙafafuna sun kama ƙasa.

A zaure na tarar da Hansatu, jikata,
da takardar makaranta a kan gwiwa.
Kaka, an ce a rubuta lambar waliyyi.
Gobe za a rufe.

Na ce na mayar musu da abarsu.
Ba ta ce komai ba. Biron dai yana sama, yana jira.

Akuya ta shigo, ta fita.
Ladan ya gyara murya.

Na ce, rubuta.
Bakwai. Sifili. Huɗu.
Suka yi ta fitowa daga bakina ɗaya bayan ɗaya,
ko tuntuɓe babu,
kamar sunayen 'ya'yana.